Cigiyar Bajimin Mushe Kailu

Duk faɗin ƙasar Kurfai babu wanda ya iya riƙon alƙalami kamar Mushe Kailu. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai ji tabbaci daga bakinsa. Tsohon malamin lakwal ne a Filinge, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ana masa laƙabi da Jan Bik, saboda jajayen alƙaluman biro uku da ba sa rabuwa da aljihun gabansa, ko masallaci za shi.

Zamanin soja shi ke rubuta jawabin maraba idan babban hafsa ya zo rangadi. A bakin alƙalaminsa, rijiyar unguwa da guga ke dawowa da yashi ta zama “idon ruwa mai ɓulɓula dare da rana”. Hafsan ya yi tafi, ya soke batun haƙa sabuwa, tunda an ce ruwa har ya yi yawa. Mata suka ci gaba da tafiya nesa da tulu. Mushe kuwa har gobe labarin tafin yake bayarwa.

Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Mushe ya aje aiki, amma bai aje jan bik ba. Da ɗansa ya aiko masa da waya daga Kwatano, sai ya buɗe zaure a Watsaf don koya wa ’yan jarrabawa rubutun insha’i. Darasin ɗaya ne kullum, kamar tuwon gidan gwauro.

“Rubutu kashi ukku na: gabatarwa, ciki, kammalawa. Kuma ba a hiddo abu tsirara gaban jama’a. Akuya in ta shiga takarda, barewa ta!”

Saƙon murya, wanda kowa ke ce wa bokal, a wurinsa aikin raggaye ne. Ko ta’aziyya aka rubuto a zauren sai ya ba ta maki bisa ashirin, kuma ba a taɓa samun wanda ya wuce tara ba.

To, Mushe yana da sa guda, wanda ke jan amalanken gidan. Ja ne, ramamme, ƙahonsa na hagu ya karye, yana ɗingishi. Mummuna ne ƙwarai, amma shi ke ɗauko ruwa, shi kuma ake jira ya kwaso dammunan gero da ke jibge a gona wajen Tabla. Ranar wata Asabar aka wayi gari turke ba kowa, igiya a yanke.

Hankalin matarsa Habsa ya tashi, domin ta san in san nan ya tafi, geron bana a ka zai zo gida.

“Mushe, gobe kasuwar Baleyara ta,” in ji ta. “Yi ma Baƙo dillali bokal yanzu. Ce mishi ja na, ƙaho guda, shina ɗingishi. Ko ka tura mishi hoto.”

Hotuna kam wayar cike take da su, sai dai duk na Mushe ne. Batun bokal kuwa, sai ya dube ta ta saman tabarau.

“Baƙo ɗalibina na. In yi mishi bokal awa mai saida kaji? Cigiya za ni rubutawa, wadda Baleyara ba ta taɓa jin irinta ba.”

Ya shiga zauren gida ya yini. Ya rubuta a takarda, ya gyara da ja, ya sake kwafewa, sannan ya danna cikin waya da yatsa ɗaya. Gabatarwa ta taɓo matsayin saniya tun zamanin kakanni. Ciki ya yi kuka da lalacewar tarbiyya. A kammalawa ne aka iso ga dabbar: “Bajimi ne uban garke, mai tozo kamar rumbu, ƙahoni biyu tamkar jinjirin wata, launinsa na zinariya, tafiyarsa ta ƙasaita.” Ya karanta wa kansa, ƙwalla ta cika masa ido. A gefen takardar ya rubuta goma sha takwas bisa ashirin, ya rage biyu don tawali’u.

Baƙo bai yi wasa da saƙon malaminsa ba. Da safe ya tara dillalai a bakin kara, kasuwar dabbobi, ya karanta musu tun daga kakanni har ƙasaita. Aka jinjina, aka bazu neman uban garke. Duk bajimin da ya cika ido sai da aka tsare mai shi da tambaya, har wani Bafillace ya kusa zare sanda.

Bayan la’asar wayar Mushe ta yi ƙara. Bokal ne, kuma dole ya saurara, Habsa na tsaye a kansa.

“Mushe, barka da rubutu, kowa ya yaba. Amma wallahi bajiminka bai shigo kara ba, mun duba ko’ina. Wani ɗai munka gani da wani baƙon yaro, ramamme, ja, ƙaho guda, shina ɗingishi. Na ce Mushe ba shi aje irin wanga ba. Tun hantsi anka loda shi mota, sun yi Yamai.”

Mushe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ji zafin abin har cikin ransa, amma abin da ya fito bakinsa shi ne:

“Kin dai ji, kowa ya yaba.”

Habsa ta ɗauki takardar, ta dubi jan makin da ke gefe, ta miƙa masa tare da guntun igiyar turke.

“Na ji. Tashi ka ɗaura sha takwas ɗin ga amalanke, gero na jiranmu gona.”