Birkin Jega Ya Ɗauki Fasinja

Duk wanda ya tsallaka titi a Jega ya isa gida da ƙafafunsa biyu, to ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Alhaji Khalilu. Haka dai Alhajin yake faɗa, kuma wa ya isa ya musa wa mai lasifika? Shi ya kafa Ƙungiyar Tafi Sannu, shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ya raɗa wa kansa Birkin Jega. A cewarsa, tun da ya fara wa'azin rage gudu masu ɗorin ƙashi na Aliero suka koma noman albasa don rashin aiki.

Ranar kasuwa yakan hau benci a tasha ya buɗe murya: "Jama'a, cikin gari gudun kilomita talatin ne doka! Sannu ba ta hana zuwa. Kuma mutum ɗaya mota ɗaya almubazzaranci ne. Ku haɗu biyar-biyar, ku rage hayaƙi!" Daga nan sai ya shige Camry ɗinsa shi kaɗai tilo, ya ɗage gilasai, ya ba ta wuta har kaji su watse. Idan an yi magana ya ce sauri yake ya je gaba ya hana wasu sauri.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya. Wasu manya za su zo daga Birnin Kebbi su naɗa jakadan kiyaye haɗurra a Maiyama, ƙarfe goma, kuma Alhaji ya riga ya buga kati da muƙamin. Sai ya ji labari za su duba ko mai wa'azi yana aiki da wa'azinsa. Kai, wannan fa wulaƙanci ne, amma ya zai yi? Ya yanke shawarar ɗaukar fasinja, karon farko a rayuwar motar.

Gyaran karin hula ya cinye masa safiya. A tasha ya tsaya zaɓe kamar mai sayen rago: wannan ƙurar gona, wancan warin albasa. Sai goma saura kwata ya haƙura ya ɗauki wata tsohuwa, Inna Kaltume ta Dangamaji, mai zuwa barkar jika a Maiyama. Ya shimfiɗa mata leda a kujera, ya ja kunnenta cewa idan manya suka tambaye ta, ta yabi tuƙinsa iya ƙarfinta. Ta ce ai yabon gwani ya zama dole.

Allah Ya kiyaye, suka isa goma saura biyu. Alhaji ya fito yana baza babbar riga, ya buɗe mata ƙofa da hannunsa, ya jira mai hoto ya ɗauka, ya sake rufewa ya buɗe don hoton farko bai yi kyau ba. Manya suka gyaɗa kai. Ran Alhaji fari tas, har ya fara tunanin bangon da zai rataye takardar naɗin. Shugaban tawagar ya miƙa wa tsohuwa lasifika, ya tambaye ta yadda ta ga tuƙin Alhaji.

Inna Kaltume ba ta cin amana. Ta gyara mayafi, ta yabe shi da yabo mafi girma da ta san ana yi wa direba.

"Wallahi yaron ga gwani na! Tun da nike shiga mota ban ga mai gudu awa shi ba. Na sa goro baki Jega, ban gama tamna ba munka iso. Tirela ukku munka wuce kan kwana. Akuya guda ta gitta, ko waiwaye bai yi ba. Ku ba shi abin, ya cancanta!"

Jama'a suka kwashe da dariya, shugaban ya rufe alƙalaminsa. Alhaji ya nemi lasifika ya yi bayani, aka ce lokaci ya ƙure. Ya koma Jega shi kaɗai, a kan talatin cif, babu ko mutum ɗaya da ya gan shi.