Gudun da Ya Watsa Garo

A shekarar ɗiban gwamna, lokacin da ake kwasar maza ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza, aka ce za a yi tsere a Gwarzo, wanda ya ci a ɗauke shi masinja. Masinja kuwa ba a ɗibansa. Na ce aikin nan nawa ne.

Ɗari ya tsananta, tsofaffi na kwana a bakin wuta, amma ni kullum da sassafe ina kan hanya ina gwajin gudu. Ran nan na ce bari in ratsa tsakiyar garinmu Garo su ga namiji. Na shigo a guje, ko riga babu.

Ladan ya leƙo daga masallaci. "Kai, lafiya?"

Haki ya hana ni magana. Na nuna bayana, wai tun daga Kabo nake gudu. Shi kuwa ya ɗauka masu ɗiba ne suka biyo ni.

Kafin in kai rijiya, ba sauran namiji a garin. Suka wuni a ɓoye cikin ruwan fadama. Kawu Sule ya fito da tarin da bai sake shi ba har kabari.

Tseren ma ban ci ba. Har yau in na ɗan ɗaga ƙafa don in riski sallah, sai wani ya ce, "Malam, su nawa ne a bayanka?"