Yadda Za Ka Kawo wa Damagaram Ɗamammun Kaya a Shekarar Fari

Kai mai ɗan butik a kasuwar Dole, da ke sayar da wandunan bosho waɗanda Turawa suka gaji da su, da riguna masu rubutu a ƙirji, kake kuma kwana da takaicin ba mai sanin sunanka sai mai shayin bakin layi, matso kusa ka buɗe kunne. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari, ba kuma irin na tela ana gobe salla ba, sai sunanka ya zaga Damagaram daga Birni har Zango, har tsofaffin da ba sa fita sai ranar Juma'a su haddace shi. Ba kame-kame nake maka ba, an gwada an gani. Sha'ibu mai butik ya bi su a shekarar farin nan da ɓeraye suka yi ƙaura daga rumbuna, kuma har yau in aka ambace shi a majalisa sai an yi tsit. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi irin wannan suna?

Mataki na ɗaya: Ka bar gari daidai lokacin da bai kamata ba

Ka jira shekarar da damina ta yi rowa, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba, mutanen Gaffati da Garagumsa suka fara shigowa gari da tukwane da tabarmi a ka. To ranar nan ka ɗauki walis ɗinka, wato akwatin tafiya, ka hau mota, ka nufi birnin bakin teku inda ake babban baje-kolin tufafin samari, wanda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke kira fuwar.

A hanya ka zauna ta tsakiya. Sha'ibu ya yi kuskuren zama jikin taga, ya yi ta ganin mushen shanu a gefen kwalta har ransa ya fara ɓaci, Allah ya taimake shi motar na da labule. Ka riƙe wannan, kyauta na ba ka: ɗan kasuwar da ke leƙen taga ba ya hango riba.

Mataki na biyu: Ka rataya kati a wuya, ka taɓe baki

A bakin ƙofa za a rataya maka kati da igiya kamar ragon da aka gama cinikinsa, an rubuta kai babban mai saye ne. Kada ka cire shi ko wajen alwala.

Ciki kuwa wata duniya ce. Sanyin inji ya daki Sha'ibu har ya yi atishawa, kiɗa na dukan ƙirji, rumfa na bin rumfa. Ga huluna masu baki da ake juya bakin ƙeya, ga takalma farare fat waɗanda in suka taka ƙasar Dole sau ɗaya sun gama aiki, ga wandunan da aka yayyaga gwiwarsu da gangan aka kuma ninka musu daraja saboda yagar. Ya daɗe gaban ɗaya daga cikinsu yana tunanin ashe duk ɗan dakon garinsu ɗan gaye ne, ba a dai gaya masa ba.

Kada ka nuna mamaki, mamaki na baƙauye ne. Ka murza ƙyalle da yatsa biyu, ka kai shi kusa da hanci, ka taɓe baki ka ce na bara ne. Ko da safen nan aka sauke shi daga keken ɗinki, ka ce na bara ne. In an miƙo maka alewa ko jaka kyauta ka karɓa kana kallon wani wajen, don su san alfarma kake musu.

Abin da ya fi tsaya wa Sha'ibu a rai shi ne burma-burman wandunan da ya cika shagonsa da su an daina yayinsu. Bana ɗamammu ake yi: wandon da sai ka sa ƙafa a leda kafin ta wuce, da rigar da ke manne wa fata ba ta barin iska ta gifta. Da la'asar aka fito da samari suna tafiya kan dogon dandamali don nuna kayan, manken ake ce musu, kowannensu siriri, kumatu a lotse, ba mai murmushi. Sha'ibu ya taɓa wani mai rumfa ya tambaye shi ko daga jinya yaran suka tashi. Mutumin ya yi dariya ya ce ai su ke hana kansu abinci, kuma biyansu ake a kan haka, wanda ya fi rama ya fi tsada.

Sha'ibu ya daɗe baki a buɗe. Daga nan farin ciki ya rufe shi, don tunda aka haife shi bai taɓa ganin abin da Damagaram ta riga duniya ba sai yau.

Mataki na uku: Ka zuba jarinka kaf a abu ɗaya

Kada ka raba ƙafa. Ka sayi ɗamammu, ka ƙara da ɗamammu, ka ɗaure dila ka juyo gida. Kada ka tsaya tambayar wa zai sa, wannan tambayar ƙananan ƴan kasuwa ce.

Da ka sauka ka canza tafiya, ka riƙa fara kowace magana da "a can". Sha'ibu ya rataye kayan a ƙofar butik ya zauna jiran rububi. Samarin fada, ƴan majalisar shayin unguwa, suka zo, suka ɗaga wando suka kara a ƙugu, suka kalli juna, suka ce za su dawo in sun sha shayi. Shayin nan har yanzu ba a sauke shi ba. Wani Bakano mai rumfar shadda a gefensa ya ce masa cikin raha, shekarar da magidanta ke ninka sitati a riga, mata ke ƙara zane ƙarƙashin zane don kada a ƙirga musu haƙarƙari, ba ita ce shekarar sayar da kayan da ke tona jiki ba. Irin wannan magana hassada ce tsagwaronta, ka bar ta inda ka ji ta. Sha'ibu ya gano matsalar da kansa: mutanen nan ba su ga kayan a jikin mutum ba ne, sai an yi musu irin na can.

Mataki na huɗu: Ka nemi manken a cikin gida

Na waje sai an biya shi, ɗan'uwa kuwa ladan zumunci ya ishe shi. In kana da sa'a irin ta Sha'ibu ma, da ƙafarsa zai kawo kansa.

Wansa Idirisu, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a Droum. Ya iso butik da hantsi cikin babbar riga, da wata rigar a ciki, a tsakiyar zafin bazara. Suka gaisa, ya ce gida lafiya, iyali lafiya, sai godiya. Sai da Sha'ibu ya ja shi bayan labule ya ba shi ruwa sa'an nan maganar ta fito, a hankali, ido a ƙasa. Rumbu ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Abin da ake samu garin rogo ne da ganyen daji, shi ma yara da uwarsu yake bar wa, ya ce musu ya ci a waje.

Matarsa Ramlatu ɗiyar Alhaji Tijjani ce na Birni, gidan fatake tun kaka da kakanni. Tun da kaka Alhaji ya aika masa cewa in abin ya fi ƙarfinsa kada ya ji nauyi, ya faɗa, a zo a ɗauke ta da yaran. Idirisu ya san inda maganar ta dosa. Matar da aka ɗauka a shekarar yunwa ba kowace ke komawa ɗakinta ba, kuma mijin da aka ɗauke wa ba ya ƙara ɗaga kai a garinsu. Shi ya sa duk ɗan aiken da ya zo, amsa ɗaya yake ba shi, rumbu na da saura. Ko yau ta bayan gari ya zagayo don kada wani ɗan Birni ya gan shi.

"Buhu ɗaya kawai, Sha'ibu, ya kai mu shuka," ya ce. "Kuma don girman Allah kada Alhaji ya ji."

To a nan ake gane ɗan kasuwar gaske. Mai raunin zuciya zai ji wannan ya yi ƙwalla. Sha'ibu ma ya ji tausayi, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma idonsa na kan wuyan hannun wansa da ya leƙo daga riga. Bai ga irin wannan siranta ba ko a can.

Ya ce haba Yaya, buhu ai ba abin magana ba ne, sai dai akwai ɗan taimakon da zai yi masa. Zai sa kaya ya ɗan taka gaban yara ya juyo, shi ke nan. Idirisu ya ce shi, da furfura a gemu? Sha'ibu ya ce za a aske, a ɗora masa hula mai baki da baƙin tabarau, ko uwar da ta haife su ba za ta shaida shi ba. Idirisu ya tuna abin da ya baro a gida, ya ce to.

Mataki na biyar: Ka cika layin gaba da manyan riguna

A can ka gani ai, ba a farawa sai manya sun zauna. Ka ari filin wata makaranta, ka haɗa teburan ƴan lakwal su zama dandamali, ka shimfiɗa darduma, ka ɗauko hayar lasifika. Sa'an nan ka bi gida gida ka gayyato masu faɗa a ji. Ka ce musu taron ci gaban matasa ne, ka kuma bari a ji ƙishin-ƙishin za a raba burodi da lemo. A shekarar fari wannan ya fi goron gayyata aiki.

Kada ka tsallake kowa saboda wani ɗan alkawarin bayan labule. Sha'ibu ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji Tijjani ya yi jim. Sai ya tuna duk Birni ba wanda ya kai Alhaji cika kujera, ga rawani, ga riga mai aska takwas, kuma ai tabarau zai yi aikinsa. Ya yi sallama.

Mataki na shida: Ka riƙe makirfo, ka sakar wa bakinka linzami

Bayan la'asar fili ya cika. Samari biyu suka fara wucewa, aka yi dariya aka tafa. Sa'an nan Idirisu ya fito daga aji cikin ɗamammen wando da ƴar riga baƙa, da hula da tabarau. Yana hawa tebur ya hango rawanin surukinsa a layin gaba. Ya juya zai koma, amma an riga an ja ƙofa a bayansa, sai ya taka.

Kayan sun zauna masa, wallahi sun zauna, fiye da yadda suka zauna wa na can. Rigar ta bi kowane ƙashi ta nuna wa jama'a inda yake. Gwiwa ta fi cinya kauri. Yara suka fara tafi, manya ba su taya su ba, tafin ya mutu a hanya.

In ka ji shiru irin wannan, ka sani sha'awa ce ta cika jama'a, sai ka ƙara musu. Sha'ibu ya ɗaga makirfo ya ce a can sai an biya mutum ya yi wata da watanni yana horar da cikinsa kafin ya sami wannan jiki, mu kuwa Allah ya ba mu a gida. Daɗin baki ya ɗebe shi. Ya ce kada wani ya zaci daga waje aka ɗauko shi, jini ne, wansa ne Idirisu na Droum, a tafa masa.

Ba wanda ya tafa. Idirisu ya tsaya cak a ƙarshen teburan, dab da surukinsa. Da kansa ya cire tabarau ɗin, tunda ba sauran abin da yake rufewa.

Mataki na bakwai: Ka matsa gefe ka bar aikinka ya nuna kansa

Alhaji Tijjani ya dogara sandarsa ya miƙe. Kowa ya san abin da zai biyo baya, har Idirisu: gobe mota ta nufi Droum ɗaukar Ramlatu. Tsohon ya matso bakin tebur, ya dubi mijin ɗiyarsa tun daga wuya har idon sawu.

"Haka rumbun yake da saura, Idi?"

Sai Alhaji ya miƙa wa na kusa sandarsa, ya kama babbar rigarsa da hannu biyu ya ciro ta ta kai, rawanin ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Ya miƙa wa Idirisu rigar ya ce ya sauko ya rufe jikinsa.

Ya rage daga shi sai ƴar ciki, jama'a kuwa suka ga abin da Birni ba ta taɓa gani ba. Kafaɗun Alhaji kamar maratayin riga a butik, mazagin wando an zagaya shi ƙugu har sau biyu. Ashe an daɗe rigar ce Alhaji. Sauran manyan layin gaba kowa ya ja tasa ya ƙara rufe gwiwa, ba wanda ya kalli na kusa da shi.

Idirisu ya sauko da rigar a hannu, ya rasa wa zai rufa wa. Alhaji ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai dai makirfo na kusa, kuma Sha'ibu gwani ne wajen riƙe shi.

"Na aika maka ne don kada a ce ban aika ba. Kullum addu'ata kada ka ce to, don ban san abin da zan ba ta ba."

Suka fita tare, riga ɗaya a tsakaninsu, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Burodin da aka zo dominsa ya zauna a kwali, ba wanda ya iya miƙa hannu a gaban wani. Ramlatu ta zauna ɗakinta, ba a ɗauke ta ba. Sai dai labari ya riga mijinta isa Droum, kuma a bakin maƙwabta ta ji cewa mazan nan biyu, mijinta da mahaifinta, da ke ta aika wa juna "lafiya lau" a kanta, duk sun daina cin abinci.

Wanke hannu

Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, kai da shi. In ɗamammunka suka koɗe a rana ba a sayi ko ɗaya ba, ba ruwana. In wanka ya karɓi buhun, ya raba biyu ya kai rabi Birni, bai kuma ƙara taka ƙofar shagonka ba, ba ni na haife ku ba. In dattawan unguwa suka fara sauya hanya da sun hango ka, suna ƙanƙame riguna, kada ka ce ni na sa ka. Ban san ka ba, ban taɓa zuwa fuwar ba, ban san ma inda teku yake ba. In kuma ka ce lalle sai ka zo mini da ƙorafi, to bana ma hadarin tasowa yake ya wuce, za ka same ni a zaure cikin babbar rigata. Ka faɗi abin da ya kawo ka daga bakin ƙofa, kada ka ce in cire ta.