Ta'aziyyar Matar da Ba a Taɓa Haifa Ba

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na shiga motar haya daga Mararaba zuwa Keffi ba. Ranar ce wani gajeren labarin Faransanci mai shafi shida ya kusa raba ni da yarinyar da nake nema, ya kuma kusa kwantar da mahaifiyata a asibiti. Labarin ba shi da laifi. Laifin nawa ne, ni da bakina.

Ni malamin Faransanci ne a wata makarantar kuɗi a Mararaba, gidanmu kuma a unguwar Yara a Keffi, saboda haka kullum ina bisa hanya. Duk wanda ya san cunkoson hanyar nan ya san dole mutum ya nemi abin yi, ko barci ko gardamar siyasa. Ni karatu nake yi a waya. Tun a jami'a na kamu da son gajerun labaran da marubutan Faransa na wannan zamani suke rubutawa, na soyayya da kewa da rashi. Abin da ke burge ni da su shi ne ba sa ihu. Marubuci ba zai ce maka wance ta yi kuka har ta suma ba. Sai dai ya nuna maka ta ɗora kofi biyu a tebur, ta tsaya tana kallon ɗayan, ta mayar da shi. Shi ke nan, ya bar ka da abin a ƙirji. (Ɗalibaina kuwa in na karanta musu, cewa suke, "Malam, ina ƙarshen?")

A lokacin ina neman auren Zulai. Mahaifinta ya rasu, saboda haka maganar tana hannun baffanta, Alhaji Ɗanlami, mai sayar da yadi a kasuwar Keffi. Manyana sun je, ya ce a ba shi mako biyu ya yi bincike, zai ba da amsa ranar Juma'a. Zulai ta riga ta gargaɗe ni cewa Alhaji zai iya yafe talauci, zai iya yafe muni (na gode mata da ta haɗa da wannan), amma ba ya yafe ƙarya. Akwai wanda ya kora saboda ya zo zance da motar aro ya ce tasa ce.

To, saura kwana biyu Juma'ar, na zo tasha bayan la'asar, wa zan gani a gidan gaba? Alhaji Ɗanlami, da buhun kaya a ƙafarsa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, na lallaɓa na zauna a bayansa daidai. Kusa da ni wata Bafulatana ce da ƙoren nononta da ta sayar, can gefe kuma wani ɗalibi da wata mata mai goyo. Da yake ban san inda zan ajiye idona ba, sai na ciro waya na buɗe labari, don in zama yaron kirki mai shiru.

Labarin wani tsoho ne da matarsa ta mutu wata uku da suka wuce. Wata safiya mai gyaran takalmi ya kira shi ya ce takalmin madam ya gyaru, a zo a karɓa. Ashe ta kai gyara kafin ta kwanta ciwo. Tsohon ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Mai gyaran bai san ta mutu ba, ya miƙa masa takalmin yana cewa, a gaya wa madam ta daina taka dunduniya ta gefe ɗaya, shi ya sa yake cinyewa. Tsohon ya riƙe takalmin ya ce, to, zan gaya mata. Ya dawo gida ya ajiye shi a bakin ƙofa inda ta saba ajiyewa. Ƙarshen labarin ke nan.

Wallahi ban san lokacin da abin ya zo ba. Na so in haɗiye, sai wata shessheƙa ta kuɓuce mini mai ƙara, irin ta yaron da aka ƙwace wa alewa. Hawaye har kan gilashin waya. Ni, ƙato mai gemu, a bayan surukin da bai riga ya zama suruki ba.

"Subhanallahi! Bawan Allah, lafiya?" in ji Bafulatanar.

Direba ya rage rediyo. Alhaji ya juyo gaba ɗaya, ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna.

"Malam, saƙo aka aiko maka? Rasuwa aka yi?"

A nan ne ya kamata in ce, a'a Baba, labari nake karantawa. Kalma biyar. Amma na hango shi ranar Juma'a yana gaya wa manyana cewa ba zai ba da 'yarsa ga mai yi wa tatsuniyar Turawa kuka a mota ba. Sai kawai na gyaɗa kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," motar duka ta ɗauka. Mai goyo ta ce, "Eyya, sori fa, Allah ya ba da haƙuri."

"Wane ne?" in ji Alhaji.

"Wata... wata tsohuwa ce, Baba." (Har nan ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba.)

"'Yar uwa ce?"

"E."

"Ta wajen uba ko ta wajen uwa?"

Dangin babana duk a Keffi suke, Alhaji ya san su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ta wajen Mama."

"A nan gari?"

"A'a, can... nesa kaɗan."

"Nasarawa ke nan. Na ji an ce mahaifiyarka mutuniyar can ce."

Na sake gyaɗa kai. Ashe bincikensa ya yi nisa. Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, muka shafa, har direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya shafa. Ni ma na shafa, ina yi wa matar wani Bature da ba a taɓa haifa ba fatan Aljanna.

Na ɗauka an gama. Ina lissafin in muka isa zan sauka, gobe in ce wa Zulai ta ce masa ai an yi jana'iza tuni, magana ta mutu. Mun wuce Masaka ke nan Alhaji ya ce wa direba, "Ka sauke mu tare a Yara. Ba zan wuce gida ban yi wa mahaifiyar yaron nan gaisuwa ba."

Na ce, "Baba, da kun huta, ga kaya, ga gajiya. Zan isar mata da saƙonku."

"Ana aika ta'aziyya ne ana gari ɗaya?"

Sai a lokacin na tuna abin da ya fi komai muni. Mama tana da yaya guda ɗaya tak da ta rage mata a duniya, Inna Hajara. Tsohuwa ce. A Nasarawa take. Kuma watanni ke nan tana fama da hawan jini, kullum Mama da fargaba take ɗaga wayarta.

Na kira Mama, ba ta ɗaga ba, dama wayarta a ƙarƙashin filo take wuni. Ko da ta ɗaga, me zan ce, kunnen Alhaji yana taku ɗaya daga bakina? Saƙo kuwa ba ta karantawa. Gumi ya jiƙa mini riga. Bafulatanar ta gani, ta ce in yi ta salati, haka rashi yake. Sau uku ina buɗe baki in faɗi gaskiya, sau uku ina ganin ƙeyar Alhaji in rufe. Ban taɓa roƙon Allah ya kawo cunkoso ba sai ranar, kuma ranar ce hanya ta buɗe fetal har Keffi.

Muka sauka. Na ɗaukar masa buhu ina tafe kamar wanda za a kai wa alƙali. Na yi niyyar in riga shi shiga in raɗa wa Mama magana, sai muka tarar da ita a zaure, ta rako maƙwabciyarmu. Ta ga Alhaji ta gyara mayafi da murna, ta ɗauka amsa ya kawo tun kafin Juma'a.

"Hajiya, ya haƙuri?" in ji shi. "Ashe rashi aka yi a Nasarawa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Na ga fuskar Mama ta canza. Ta dube ni, ta ga idona jajur. Ta dafa bango ta sulale ƙasa.

"Yaya Hajara! Wayyo Allah, Yaya Hajara! Jiya fa muka yi magana!"

Maƙwabciya ta fasa salati, mata suka fara leƙowa daga gidaje. Na yar da buhun yadin Alhaji na faɗi gaban Mama na riƙe hannunta, ya yi sanyi ƙalau.

"Mama, ba ta mutu ba! Wallahi tana nan da ranta! Ƙarya na yi! Ƙarya ce!"

Na kira Inna Hajara na sa a kunnen Mama. Duk muna jin muryarta tana faɗa, wai wa ke kiranta tana tsakiyar tuƙa tuwo. Mama ta yi ta kuka tana cewa, "Ba komai Yaya, muryarki kawai nake son ji."

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"To wa ya mutu?"

"Matar wani Bature ce, Baba."

"Ka san ta?"

"A labari ne. Ba ta... ba a ma taɓa yin ta ba."

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, aka harare ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya sa aka kawo tabarma, ya zauna, ya ce tunda har shi ma ya yi wa matar addu'a, yana da hakkin ya san ko wace ce. In ba da labarin, da Hausa, a gaban kowa.

Haka na tsuguna na ba da shi. Tsoho, waya, takalmi, dunduniya, "zan gaya mata." Da na gama, Alhaji ya ce, "Wane irin gari ne wannan, mutum ya mutu wata uku mai gyaran takalminsa bai ji ba? Ba su da maƙwabta ne?"

Mama ce ta yi magana, a hankali, tana kallon ƙasa.

"Hular babanku tana wajen mai wankin hula har yanzu. Shi ya kai da kansa a makon da ya kwanta. Sau biyu mutumin yana aikowa a zo a karɓa, ina cewa a bari tukuna."

Shekara biyu da rasuwar babana, muna gida ɗaya da ita, ban taɓa sanin wannan ba. Na yi shekaru ina neman irin wannan labari a wayata, da harshen wasu, ashe yana ɗakin da ke kallon nawa. Wannan kunyar ta fi ta farko zafi.

Alhaji ya share fuska da hannun riga (ya ce zafi ne), ya miƙe.

"Malam, da ka ce mini labari ne, da na ce boko ya taɓa yaron nan, in yi dariya in wuce. Kuka ba abin kunya ba ne. Amma ka dubi idona ka kashe mutum a Nasarawa. Babu amsa ranar Juma'a. Ranar Asabar ka je can ka gaya wa baiwar Allahn nan da bakinka abin da ka yi mata. In ta yafe, ta kira ni da kanta."

Na je. Inna Hajara ta sa na maimaita sau biyu, ta kira maƙwabtanta na sake na uku, ta tambaye ni ko an samu jama'a a jana'izar tata. Sai da ta ja mini rai mako uku kafin ta kira Alhaji. Hular kuwa ni na karɓo, da izinin Mama. Mai wankin ya ciro ta daga leda a wanke a goge, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Na san za a zo in lokaci ya yi." Tana nan rataye a ɗakin Mama.

An ɗaura aurenmu da Zulai bayan Babbar Salla. Har yau ina karanta labaran nan, har yau wasu suna sa ni hawaye, kuma har yau in na je gaishe da Alhaji a shago, kafin ya amsa sai ya ce, "Malam, yau wa muka rasa a Faransa?" Abin da na koya dai shi ne, a can mutum zai iya ɓoye rashinsa wata uku ba wanda ya sani, amma a Keffi in ka zubar da hawaye a mota, sai an raka ka har gida an ga mai shi. Saboda haka yanzu da na ji idona ya fara ciko, tun kafin a tambaya nake ɗaga wayar sama in ce, "Jama'a, labari ne, kowa lafiya."