Rasuwar Gwaggo, Mai Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa ta Ciki

Da zukata cike da baƙin ciki, iyalan Malamin Lissafi suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar motarsu, Gwaggo, wadda ta bar mu ranar Talata da hantsi a harabar dilan motoci. Ta rasu tana da shekara ashirin da shida, goma sha huɗu daga ciki a hannun Malam. Muna roƙon masu zuwa suna cewa sun hango ta jiya a bayan shingen waya, an wanke ta fes, an manna mata takardar farashi a gilashi, su daina wahalar da kansu. Mun sani. A gidanmu dai ta rasu.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ruwanta da gasa. Ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba sai wanda ya tsaya don kansa. Kowace safiya takan gai da unguwa da murya ɗaya: ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar mai nazari, ƙir-ƙir, buf. Wanda ya ji buf ya san yau ba turi, sai ya koma ya ƙarasa shayinsa.

Amma babban alherinta ga gidan nan shi ne ƙofar gidan gaba ta gefen fasinja, wadda hannunta na ciki ya karye a watan da Malam ya yi aure. Tun daga lokacin ba ta buɗuwa sai ta waje. Duk wanda ya san Malam ya san ba mutum ne mai zaƙin baki ba, kalma mafi daɗi da matarsa, Maman Biyu, ta taɓa ji daga bakinsa ita ce, "Abincin nan ba laifi." Amma kullum sai ya kashe mota, ya fito, ya zagaya ta gaban inji, taku goma sha ɗaya, ya buɗe mata. A asibitin da take aiki, abokan aikinta kan leƙo ta taga suna kallo, kuma mazaje da dama sun sha faɗa a gidajensu ba su san laifinsu ba.

Saboda ƙofar nan, rigima ba ta taɓa bin su cikin gida ba. Ko sun taso tun daga kasuwa ba mai ce wa wani uffan, dole ita ta zauna ta jira, dole shi ya zagayo. Kafin ya kai, fushinsa ya rage. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon gefe. Ita kuma ta sauke ƙafa ɗaya ta ce, "Ka sayo burodi?" Shi ke nan, an shirya.

Jinyar marigayiya ta yi tsawo. Ta fara da tari, ta koma hayaƙi, daga baya ta fi shan baƙin mai a kan fetur. Ranar da 'yan biyu za su rubuta jarrabawa ta tsaya cak a tsakiyar shataletale, yaran suka ƙarasa makaranta da gudu. A ranar Maman Biyu ta ce ya isa. Aka samo dilan da zai karɓi tsohuwa, ya cire darajarta daga kuɗin sabuwa, ragowar a biya wata-wata.

Tun a gida ta ja masa kunne. "Baban Biyu, kai dai ka yi shiru. In an tambaye ka, ka ce lafiyarta ƙalau. In ba a tambaye ka ba, ka kalli takalminka."

Ya kamata a shaida cewa Gwaggo ta yi nata. A gaban dila, murɗa makulli ɗaya ta tashi, ba tari, ba hayaƙi, abin da ba ta yi ba tun 'yan biyu suna rarrafe. Dila ya zagaya ta, ya daki taya da ƙafa, ya gyara laƙtayen da ke wuyansa, ya faɗi farashi mai kyau. Wata talatin da shida, an gama. Saura miƙa makulli.

A nan ne Malam ya kasa. Ya miƙa, bai saki ba. Ya dubi kujerar da ta lotsa daidai jikinsa, ya ga ba zai iya barin ta a hannun baƙo ba tare da wasiyya ba.

"Ɗan'uwa," in ji shi, "da safe kada a matsa mata. A taka totur sau uku, a ɗan jira."

Dila ya zaro biro daga aljihu. "Ci gaba, Malam, ina jin ka."

Malam ya ga ana rubutawa, zuciyarsa ta yi sanyi: ga wanda zai kula da ita. Ya faɗi yoyon lagireto. Ya faɗi giyar baya, wadda sai an sa hannu biyu. Ya bayyana cewa allurar mai ba ta ƙarya da gangan, in ta nuna rabi tana nufin a fara neman gidan mai. Maman Biyu ta taka masa ƙafa da dukan nauyinta. Ya ce, "Kin taka ni," ya ci gaba da bayanin ledar da ake rufa wa batir in hadari ya haɗo. Da dila ya shiga gidan gaba ya kasa fitowa, Malam ya zagaya ya buɗe masa, ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne." Dila ya rubuta shi ma.

Talatin da shida ta koma arba'in da takwas. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa 'ya'yan mutane ragewa bai gane ana yi masa ita ba sai da aka juyo masa da takarda ya sa hannu.

Sabuwar motar fara ce, tana ƙamshin leda, kuma duk ƙofofinta suna buɗuwa ciki da waje. Da suka iso gida Malam ya kashe ta, ya fito, ya fara zagayowa. Yana taku na shida ya ji an rufe ƙofa. Maman Biyu har ta kai bakin gida. Yau kwana uku ke nan magana ba ta haɗa su sai ta bakin yara: "Ku ce wa babanku ruwan wanka ya yi zafi." Shi kuwa har yanzu ƙafarsa ba ta daina zagayowa ba. In ya iso ya tarar da kujera wayam, sai ya duƙa kamar mai duba taya.

Marigayiya ta rasu ta bar Malam da matarsa da 'yan biyu. Ta bar bakanikenta, wanda ta sa masa yara biyu a makaranta. Ta bar maƙwabta huɗu masu turi, waɗanda yanzu suke fitowa ƙarfe bakwai su tsaya suna kallon juna. Ta bar jarkar ruwa, da dutsen da ake tare mata taya, da tabon baƙin mai a ƙofar gida, wanda iyalan suka hana a share.

Jiya bakanike ya zo ta'aziyya. Ya zauna a falo, ya share ido da bayan hannu, ya ajiye wani ƙunshi a kan tebur. Hannun ƙofa ne, sabo, a ledarsa.

"Shekara tara yana akwatina," in ji shi. "Duk sanda na ce a sa, Malam ya ce in bari sai ƙarshen wata. Ita kuma Madam har gareji ta same ni, ta ce ranar da na gyara ƙofar nan in nemi wani gidan cin abincin. To, ga kayanku."

Malam ya tsura wa agogon bango ido. Maman Biyu ta tashi ta shiga kicin, aka ji tana wanke tukunyar da ta wanke tun rana.

Za a yi bankwana da marigayiya gobe Asabar, ƙarfe goma na safe, a bakin shingen dila, ta waje. Ana roƙon kowa kada ya shiga ciki, kada kuma ya amsa in mai laƙtaye ya gaishe shi. Masu turi su zo da tufafi masu kyau, ba aiki. Ba a danna hon. Ba a buƙatar gudummawa, amma wanda ya matsa, ranar biyan bashin sabuwa biyar ga kowane wata ce, har shekara huɗu.

Iyalan za su iso a sabuwar mota. Ana ba jama'a haƙuri idan an ɗan jinkirta wajen saukowa, domin yau da safe, a gaban yara da maƙwabta huɗun nan, Maman Biyu ta tsaya da jakarta a hannu ta ce:

"Ku ce wa babanku... a'a, ku bari, ni zan faɗa. Baban Biyu, ƙofar motar nan lafiyarta ƙalau, na sani. Amma daga yau ba zan sake taɓa hannunta ba. Ka zagayo ka buɗe, ko ka bar ni a ciki."