Mutum-mutumin Gonar Kabewa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko na so in manta, don shaidu sun yi yawa. Akwai 'yata Binta, da yaronta a kafaɗa. Akwai mijinta, Dakta, wanda shekara goma da auren nan ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Akwai jikata Husna, 'yar shekara takwas. Akwai maƙwabciyarmu Maman Ikram, da ita Ikram ɗin, sa'ar Husna. Sai ni, a kan kujerar da ba mai zama a kanta sai ni, riƙe da carbi.

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Kwana arba'in aka ce, har na bar wa ƙanwata amanar awakina da 'yar gonata ta bayan gida, na ce mata kafin ruwa ya sauka na dawo. Sai ga korona. Aka tsayar da jirage, aka rufe masallatai, mu ma aka rufe mu a hawa na goma sha huɗu a Pantai Dalam, inda ƙafar mutum ba ta taka ƙasa sai tayil. Yaron da na zo yi wa wanka har ya fara rarrafe ina nan.

Ni mace ce mai sa ido, ban taɓa ɓoyewa ba. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya karantawa ba (Binta ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata idan ta ƙara gishiri zan sa wani ya karanta min), amma ba abin da ke wucewa a gidan nan ban gani ba. Wanda ya sha ruwa a tsaye na gani. Wanda ya shiga banɗaki da ƙafar dama na gani.

To wajen ƙarshen watan Oktoba na leƙa ta bayan Husna, tana riƙe da ɗan allon nan da suke kira tab, wanda ake yi musu karatu a ciki tun da aka rufe makarantu. Me zan gani? Kabewa da idanu da haƙora, wuta na ci a cikinta. Wani abu lulluɓe da farin ƙyalle, kamar ya taso da likkafaninsa, yana yawo. Tsohuwa a kan tsintsiya tana tashi sama. Na ce mene ne wannan. Ta ce katun ne na Halowin, wai bikin Turawa ne da yara ke shigar dodanni suna bin gidaje karɓar alawa.

Na ƙwace tab ɗin. A ranar na kafa doka: ba mai sake kallon wannan abu a gidan nan muddin ina numfashi. Dakta ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya." Ban tsaya nan ba. Na sa takunkumina na je ƙofar Maman Ikram, na tsaya nesa kamar yadda hukuma ta ce, na yi mata wa'azi mai tsawo, don na ji a wajen 'yarta Husna ta samo. Na ce uwar da ta bar 'yarta tana kallon aljanu, ita za a tambaya gobe ƙiyama. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Mama."

Washegari bayan azahar gida ya yi tsit. Binta ta kwanta da yaro, Dakta ya rufe ɗaki yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, Husna na barcin rana. Tab ɗin yana kicin yana caji. Na ce a raina, wanda ya hana abu ai ya kamata ya san iyakar sharrinsa. (Haka na gaya wa kaina, kuma na yarda.) Ban iya rubutu ba, amma na san kabewa idan na gan ta. Na danna hotonta da yatsa.

Da farko ina kallo ina a'uzubillahi. Can sai aka nuna gona. Gonar kabewa ce, ta yi yaɗo ko'ina, ganye faffaɗa, 'ya'ya kwance jajur kamar tawa ta bayan gida idan shekara ta yi kyau. Wata takwas rabona da ganin shuka a ƙasa. A tsakiyar gonar kuma akwai mutum-mutumi a kan sanda, irin wanda muke kafawa don tsuntsaye, da tsohuwar malfa da riga mai faci, ciyawa na leƙowa ta hannayensa. Fuskarsa a ɗaure. Duk sauran, ɗan mai farin ƙyalle da tsohuwa mai tsintsiya da wata baƙar kyanwa, suna ta tsalle-tsalle da neman alawa. Shi yana tsaye. Su zo su ja shi, ya ƙi saukowa. Yara su matso kusa da kabewa, ya daka musu tsawa. Ba na jin Turanci, amma na gane mutumin nan sarai. Na ce yauwa, ga mai hankali ɗaya a garin.

Na sa masa suna Baba Mai Gadi. Can wajen ƙarshe hankaki suka zo garke guda, kowa ya tafi shagali, shi kaɗai ya tare su har hannunsa ɗaya ya cire, ciyawa ta watse. Na ce wayyo. Daga baya yaran suka dawo suka ɗinke masa hannun da zare ja.

Na kashe, na mayar da tab ɗin daidai yadda na same shi, har wayar cajin na lanƙwasa kamar da. Washegari na koma. Jibi ma haka. Nakan ajiye tiren wake a cinya, idan na ji motsi sai in kife tab ɗin in hau tsinta. Waken gidan nan bai taɓa tsintuwa kamar na wannan makon ba. Kullum ina cewa yau ce ta ƙarshe.

Abin da ban sani ba, ashe shi wannan allo yana da sa ido ya fi ni. Duk abin da aka kalla yana riƙewa, da ranar da lokacin.

Ranar Juma'a bayan la'asar Maman Ikram ta shigo da 'yarta kawo mana wani abincin mamak, irin na shagunan Indiyawa Musulmi na garin, da mijinta ya yi tapau, wato ya sa aka ƙunso masa. Su kaɗai muke shiga wa juna a lokacin, ƙofa da ƙofa muke. Ana gaisawa Dakta ya fito daga ɗaki da tab a hannu, fuskarsa ba annuri. Ya ce gara da Maman Ikram na nan.

"Husna, zo nan. Me Kaka ta ce game da katun ɗin nan?"

"Ta ce kar a kalla."

"Kin kalla?"

"A'a, Abba."

Ya juya mata allon. "Ga shi nan, kullum bayan azahar, kwana tara a jere. Aljani ne ya kalla?"

Na ci gaba da jan carbina, amma wallahi ban san me nake faɗa ba.

Husna ta ce, "Ba ni ba ce lah, Abba." (Wannan "lah" ɗin na mutanen garin ne, ya kama bakinta.)

Ya ce shi ba kallon ne ya dame shi ba, ƙaryar ce. Ya ce a gidansa yaro zai iya fasa kofi, zai iya faɗuwa jarrabawa, amma ba zai dubi idonsa ya yi masa ƙarya ba. Ya ce daga yau ta daina sauka ƙasa yin keke ranar Asabar. Wannan keken kuwa shi ne kaɗai fitar da yarinyar ke yi a mako, tun Litinin take ƙirga kwanaki. Sannan ya juyo wajena, cikin ladabi, ya ce, "Hajiya, ke kika kafa dokar. Idan akwai abin da za ki ƙara, ki ƙara."

Husna ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, duba kawai ta yi. Ni kuma, tsohuwa da furfurata, na buɗe baki na ce, "Abin da ka yanke ya yi."

(Binta, rubuta shi haka. Haka na faɗa.)

Ina ta lissafi a zuci: in faɗa yanzu, a gaban surukina? A gaban matar da na tsaya a ƙofarta ina ambaton ƙiyama? Na ce bari baƙi su tafi, sai in ja Binta gefe. Na ce ko gobe. Na ce Asabar ɗaya ce, ba mutuwa za ta yi ba. Kowace dabara na kawo sai in ji ta fi ta baya wari.

Dakta ya juya kan Ikram, ya tambaye ta ko tare suke kallo a ɓoye. Ikram yarinya ce mai baki, ba ta san tsoro ba. Ta ce ita a gidansu ta kalla tun kafin a hana, kuma ba ta ma son shi sosai, ɗan fatalwan nan kawai take so, shi ne mai ban dariya.

Uwarta ta ce, "Ikram, ya isa."

"Da kyanwar. Amma wannan na kan sandan, mugu ne. Ba ya son kowa ya ji daɗi. Kullum faɗa, kullum tsawa. Don rowa ma ya hana su kabewa, shi ya sa hannunsa ya cire, Allah Ya ƙara."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Ke, rufe min baki. Rowa? Da kuka tafi neman alawa wa kuka bari a gonar? Da hankakin suka zo, ɗan fatalwan naki yana ina? Yana can ya cusa kai a kwandon alawa, ƙyallensa ya maƙale a ƙofa. Shi kaɗai ya tsaya, da hannu ɗaya, na hagu ma, har gari ya waye. Ba don shi ba ko ɓawon kabewa ba za ku samu ba. Kuma da suka zo ɗinke masa, zare ja suka sa a riga ruwan ƙasa, ko ɗinkin kirki ba su iya ba."

Na tsaya ina haki, yatsana a miƙe wajen 'yar mutane.

Ina jin jirgin ƙasa na wucewa can ƙasa. Yaron da ke kafaɗar Binta ya yi gyatsa.

Binta ce ta fara magana, a hankali. "Inna, zare ja?"

Maman Ikram ta ja takunkuminta sama har ƙasan ido, amma kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Mama, ashe dai an yi bincike mai zurfi. Allah Ya ba mu ikon gyarawa."

Dakta kuwa, bawan Allah, kunyata ta kama shi fiye da ni. Ya dubi silin, ya dubi tab, ya dubi agogon hannunsa, ya ce yana jin kamar ya bar fanka a kunne, ya shige ɗaki. Fankar ɗakin nan ta lalace tun azumi.

Na koma na zauna. Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan: ba tsoron Allah ne ya buɗe bakina ba, ba kuma tausayin jikata ba. An yi wa jinina ƙazafi na yi shiru, an zagi mutum-mutumin ciyawa na tashi da faɗa.

Da baƙi suka tafi na kira Husna kicin. Na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ma ta ce, "Na sani tun tuni, Kaka. Ba barci nake ba. Kullum idan hannunsa ya cire sai ki ce wayyo."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa wa babanki?"

Ta ce, "Ke kika ce yaro ba ya tona wa babba asiri."

Ni na faɗa, tabbas. Dokokina sun yi yawa har na manta da wasu, ita ba ta manta ba. Tun ranar na gane cewa duk mai sa ido a gida, akwai mai sa masa, kuma kafin in kafa doka gara in fara tambayar kaina ko ni zan iya bin ta bayan azahar.

Washegari Asabar, da hantsi, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na sa mayafi na tsaya a ƙofar ɗakin surukina, na yi sallama, na ce masa da bakina ni ce na kalla, yarinya ba ta yi ƙarya ba, ni ce na yi shiru a kan gaskiya. Na juya na ce wa Husna ta yafe min, a gaban uwarta da ubanta. Ta ce, "Boleh, Kaka," wato ya yi, ta ruga ɗauko kekenta.

Da ta dawo na zaunar da ita a falo, ba a kicin ba, na ce ta kunna, ta kai ni wajen da suke jan Baba Mai Gadi yana ƙin saukowa. Kwana tara ina ganin bakinsa na motsi a wurin, na ɗauka wa'azi yake musu. Na ce ta fassara min.

Ta saurara, ta ce, "Cewa yake, ba wai ba ya son zuwa ba ne. Ya daɗe a kan sandan, bai san yadda ake saukowa ba."

Na ce ta kashe, ya isa haka. Ta kai yatsa za ta kashe, na riƙe hannunta na ce ta ɗan mayar da shi baya.