Tukunyar da Gishirina Ya Cinye

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a gidanmu na Mandawari ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska.

Ni dai kowa ya san ni a unguwa, ba na ganin ƙazanta in yi shiru. In na shiga gidan biki, kafin in gaisa da mutane na gama leƙa tukwanensu. Ina da wata ƙatuwar tukunyar dalma, irin ta alminiyam ɗin nan da ake zubawa, wadda nake goge bayanta da toka har sai na ga fuskata. A ɗakina take, a rufe, kuma a cikinta nake juye gishirin gida, don surukaina hannunsu bai san kaɗan ba. Mai so ta zo da kofi in auna mata. (Damina ta wuce a haka, gishirin ya yi ta gumi yana daskarewa, ban kawo komai a raina ba.)

Ranar suna dangin mai jego za su zo daga Soron Ɗinki, mutanen da in miya ta yi ruwa sai sun shekara suna labari. Taubashiyata Laure ta kawo aron tukunyarta, baƙa ƙirin. Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Mayar da abarki, Laure. Baƙi ba za su ci abinci daga gawayi ba."

Na sa aka kwashe gishiri, aka ɗauraye tawa, aka ɗora miyar taushe, nama har wuya.

Ba a jima ba muka fara jin tsuu, tsuu. Na ce icen ne ɗanye, na yi wa wadda ta sayo shi faɗa. Aka ƙara ice, wuta ta mutu. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida daidai lokacin da baƙi ke sallama. Da na duƙa, sai ga miyata tana ɗiga a kan garwashi ta wurare da yawa, jan manja yana bin murhu.

Maimakon in kama bakina, sai na ɗaga murya: "Wace ce ta buga mini tukunya da ƙasa? Hadiza, ke kika ɗauraye ta!"

Hadiza, matar babban ɗana, ta sunkuyar da kai. Laure kuwa ta sa aka juye abin da ya rage a bahon wanki, ta ɗaga tukunyar sama tana kallon rana. Haske ya riƙa fitowa ta gindinta, ɗigo-ɗigo kamar an bi ta da allura.

"Jama'a ku zo ku ga rariya!" in ji ta. "Wannan ba faɗuwa ba ce, ci ne daga ciki. Me kike ajiyewa a nan, sarauniyar tsafta?"

Hadiza ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa, wai ita tana kare ni: "Ba komai fa, gishirin Inna ne kawai, don kada mu yi ɓarna."

Wayyo! Gara ma da zagina ta yi. Kakar mai jego ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Wata ta ce, "Allah sarki, an tsare gishiri, shi kuma ya rama a kan tukunya."

Da ƙafata na bi Laure gida na roƙi baƙar tukunyarta. Sai da ta sa na maimaita roƙon, wai kunnenta ya yi nauyi. Baƙi ba su ci tuwo ba sai bayan la'asar, miyar ma an tsawaita ta da ruwa.

Da na kai tukunyata wurin mai zubin tukwane, ya ce ruɓewar ta yi yawa, ba ta liƙuwa, sai ya ƙara mata huji ta zama madambaci. Yanzu in na shiga gidan biki gaisuwa nake fara yi. Idon nan dai bai daina yawo ba, amma bakin ya koyi jira.